Injin da Ba Ya Mutuwa a Gaban Bakanike

Masu jirage a bakin ruwan Yauri sun ga injuna iri-iri da cututtukansu, amma na Kawu ya ɗaure wa kowa kai. Zai ɗauko kaya daga gungu lafiya lau, ya miƙa, sai can tsakiyar ruwa muryarsa ta yi nauyi, ya turnuƙe hayaƙi, ya shaƙe, ya mutu. A ɗauko bakanike a sa shi cikin jirgin, a yini ana zagaya tafki da shi, injin ko tari ba zai yi ba. Bakanike na komawa rumfarsa, ciwo ya dawo. Har wasu suka fara cewa a nemi masu ruwa a roƙe su, don abin ya wuce na sifana.

Jirgin kansa baƙo ne a wannan ruwa. Fantun ne, wato dogayen ganguna biyu na alminiyon, kowace ƙafa 18, an jera su gefe da gefe, an gitta musu ƙarafa, an shimfiɗa katako a sama, an kewaye da shinge. Wani manomi ne a jihar Minesota ta Amurka, Ambrose Weeres, ya fito da irinsa a farkon shekarun 1950, da ya jona gangunan ƙarfe da walda ya ɗora musu dandamali. Can don shan iska da kamun kifi na nishaɗi ake yin sa. Kawu kuwa, da ya gan shi a gwanjon kayan wani kamfani da ya tashi, abin da ya hango daban ne. Ya ga fili shimfiɗaɗɗe da za a turo babur a kai ba sai an ɗaga ba, a jera buhunan albasa, a shimfiɗa wa mara lafiya katifa, tsohuwa ta tako ba tare da jirgi ya yi mata tangaɗi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe mai naƙuda a cikin kwale-kwale ya san darajar wannan fili.

Gyaran gangar jikin bai ba da wahala sosai ba. Katakon ya ruɓe, aka ɓamɓare aka sa sabo aka shafe shi da fenti ciki da bai. Wani can baya ya ɗaure ƙarafan da kusoshin baƙin ƙarfe, kuma ko'ina ƙarfe ya haɗu da alminiyon cikin danshi sai da ya ci shi ya bar farin gari. Aka fidda su duka, aka sa waɗanda ba sa tsatsa da 'yar roba a tsakani. Gangunan kuwa da famfon keke aka gwada su, ta marfin da ke saman kowace. Iska kaɗan ake sawa, awo biyu zuwa uku a ma'aunin masu faci, alhali tayar mota tana ɗaukar 30 da wani abu, don ganga irin wannan in an matsa mata kumbura take yi ta tsage. Aka bi ta da soso da ruwan sabulu. Inda kumfa ta tashi aka zagaye da alli, mai walda ya toshe.

Injin da ya zo da shi Evinrude ne mai ƙarfin doki 18, silinda biyu, lambar jikinsa ta nuna ƙirar 1966. Sunan na Ole Evinrude ne, ɗan asalin Norwe da ya fara ƙera injin jirgi a birnin Milwaukee a 1909. Kamfanin da ya gaji sunan ya durƙushe a 2000, wanda ya saye shi kuma ya daina ƙera Evinrude a 2020. A kogin nan Yamaha ce sarauniya, kayanta ko a rumfar bakin kwata ana samu, shi ya sa kowa ya ce wa Kawu ya sayar da wannan ga 'yan gwangwan ya huta. Bakanike ɗaya ne bai ce haka ba, wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan injuna. Ya cire filogi, ya ɗura ɗan mai, ya juya fulawil da hannu, ya ɗaura ma'aunin matsi. Silinda biyun suka ba da kusan 100, ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta nisa.

"Alhaji, zuciyarsa lafiya lau," in ji shi. "Sauran duk tufafi ne, ana sakewa."

Ya ɗaga fulawil, sai ga koyil biyu sun tsattsage kamar lakar fadama da rani. Wannan ciwon tsofaffin Evinrude ne sananne, don haka aka yi odar sababbi ta hannun wani ɗan kasuwa a Legas, tare da kwantak da kwandansa da robar famfon ruwa. Baba ya saita bakin kwantak a kan 0.020 na inci, ya wanke kafireto, ya zubar da man giya da ya koma fari saboda ruwa, ya sake sil. Ya haɗa fetur da baƙin mai kashi 50 da ɗaya, wato rabin lita a jarka mai lita 25, yadda kamfanin ya tsara tun daga 1964. Aka rataya injin a bakin duro cike da ruwa. Ja na uku ya kama. Yara suka yi ta tsalle, Kawu ya sayi goro ya raba.

Makonnin farko ba a ji komai ba. Da kakar albasa ta kankama, kaya suka yi nauyi, abin ya fara. Ɗan Kawu, wanda shi ne matuƙi, ya dawo ran nan a makare yana cewa injin ya mutu musu a hanya, ya buɗe ya duba bai ga komai ba, ya ja ya tashi. Bayan kwana biyu ya sake. Daga nan ya zama kullum.

Mutuwar inji a wannan ruwa ba abin wasa ba ce. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da ƙauyuka da dazuzzuka, kuma kututtukan itatuwan nan suna nan a tsaye a ƙarƙashi har yau. Fantun kuma jirgi ne da iska ke so, don jikinsa duk a sama yake, filafili ba ya juya shi, gora ba ta kai ƙasa. Inji na mutuwa, iska ce matuƙiya. Mutanen wannan yanki ba su manta da jirgin da ya nutse a hanyar Wara cikin watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi a ranar. Kawu ya hana ɗaukar fasinja, ya ce kaya kawai, sai an gano bakin zaren.

Baba ya fara da inda kowa zai fara, wato mai. Inji da ke tafiya sannan ya mutu, sau da yawa marfin tanki ne ya toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da aka sha, sai tanki ya riƙe abinsa. Ya duba, a buɗe yake. Ya sake tiyo da robar da ake matsawa, ya zuba fetur a kwalba ya ajiye ya ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa, bai kwanta ba. Sannan ya zaunar da matuƙin.

"Ɗana, kafin ya mutu, kuka yake ƙarawa ko ragewa?"

"Ragewa yake, Baba. Sai ya yi ta gurnani."

"In ka matsa robar mai yana farfaɗowa?"

"Ko kaɗan."

"To kawo mini filogin da ka cire ranar da ya mutu, kada ka goge."

Filogin ya zo baƙi ƙirin, a jiƙe, da kunkunniya mai maiƙo har cikin zaren. A nan hanya ta rabu biyu, kuma abin da ya sa nake ganin Baba ya fi sauran kanikawan da suka sa baki ke nan. Injin da mai ya yanke masa yakan ɗan zabura kafin ya mutu, filoginsa kuma ya fito a bushe, fari-fari. Wannan kuwa mai ne ya yi masa yawa. Ko dai wutar ba ta ƙona shi, ko kuma iskar da za ta taya shi ci ce ta gaza. Mutum biyu sun riga sun ba Kawu shawarar ya sayi sabon famfon mai. Da ya saya, da kuɗin sun tafi banza.

Sai zato ya koma kan zafi, kuma zato ne mai hujja. Labarin matuƙi kullum iri ɗaya ne: ya mutu, na buɗe, na ɗan jira, na ja, ya tashi. Duk bakaniken da ya ji haka zai ce wani abu ne ke gajiya in ya yi zafi, ya dawo in ya huce. Koyil kan yi haka, kwandansa ma haka, ko da sababbi ne. Baba ya shiga jirgi da kansa, aka yi ta gudu har injin ya yi zafi sosai, ya kashe, ya gwada wutar nan take. Shuɗiya ce, tana tsallake tazarar da ta kai kwatan inci da ƙara, a silinda biyun. Ya dafa kan silinda, hannu na iya jurewa na ɗan lokaci, abin da ake so ke nan ga injin da aka tsara ya tsaya a wajen digiri 60. Feshin ruwa na fita ta bayan ƙafar injin yadda ya kamata. Duk da haka ya musanya kwandansa, abu ɗaya tak, ya ce a je a gwada. Washegari ya mutu. Ya mayar da na da, ya musanya koyil ɗaya. Ya mutu. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, ko da Kawu zai yi ta ƙorafin kuɗin mai, domin in ka sake abu uku ciwo ya tafi, ba ka san wanne ne mai laifin ba, ranar da ya dawo kuma ka koma farko.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba. Ya bi jirgin babu kaya, ya bi shi da kaya, ya bi shi da safe cikin hunturu, ya bi shi da tsakar rana. Wani yammaci aka dawo bakin kwata, yana zaune a kan buhu ya yi tagumi, yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Sai yaron jirgin, ɗan ƙaramin da aikinsa riƙe igiya da kwance kaya, ya matso ya durƙusa.

"Baba, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Kai ai ba ka taɓa sa masa hula ba. In ka shigo, cirewa kake yi ka ajiye a ƙafarka."

Baba ya daɗe yana kallon yaron. Gaskiya ce. Bakanike ba ya tafiya da inji a rufe, don yana son ya ga kafireto, ya taɓa waya, ya saurara. Matuƙi kuwa kullum da hula yake tafiya saboda feshin ruwa. Kuma duk sanda injin ya mutu, abu na farko da yake yi shi ne cire hular ya leƙa. Ashe jiran da ake zaton shi ne magani ba shi ba ne.

Washegari aka loda buhuna, aka sa hula, aka fita. Ba a yi nisa ba muryar ta fara nauyi. Baba bai jira ya mutu ba, ya ɓalle maƙullin ya ɗaga hular. Wani dunƙulen hayaƙi ya taso masa a fuska, injin ya yi tari biyu ya washe, ya ci gaba da gudu. Ya mayar da hula, bayan ɗan lokaci ya sake shaƙewa. Ya ɗaga, ya washe. Ya kifa hular a cinyarsa ya shafa cikinta da yatsa, yatsan ya fito baƙi da maiƙo, kuma baƙin ya fi kauri a gefe ɗaya, can ƙasa ta baya.

Injin hayaƙin kansa yake shaƙa. Fetur na bukatar iska kusan ninki 15 na nauyinsa kafin ya ci da kyau, kuma kafireton wannan inji daga cikin hula yake zuƙo iskarsa. In hayaƙi na tsiyaya a ciki, sannu a hankali sai ya cika wurin, shi kuwa hayaƙi an riga an ƙone amfaninsa. Mai na zuwa daidai, iskar kirki na raguwa, filogi ya yi baƙi, wuta ta mutu. Saura a gano ta ina yake fita. Baba ya ninka baƙin mai a ɗan ƙaramin tanki don hayaƙin ya yi kauri, ya jira magariba, ya haska tocila daga gefe. Sai ga wani siririn zare shuɗi yana fitowa daga ƙarƙashin kan injin, daidai inda ya zauna a kan ƙafarsa. Gaskit ɗin wurin, mai shekara sama da hamsin, ya ƙone ya zaizaye ta kusurwa ɗaya, faɗin da bai wuce farce ba.

Kawu ya ce alhamdu lillahi, a sake gaskit a huta. Baba ya girgiza kai.

"Alhaji, da sauran magana. Wannan gaskit tun ran da muka tayar da shi a duro haka yake. Me ya sa makonnin farko bai mutu ba? Me ya sa babu kaya ba ya mutuwa, ko da hula? Kuma ɗanka ya ce da can sai an kusa isa yake yi, yanzu ko rabin hanya ba a kaiwa. Akwai abin da ke ƙaruwa kullum, kuma ba a cikin injin yake ba."

Wannan tambaya ce ta ceci jirgin, ina jin har da mutanen da za su hau shi daga baya. Da an tsaya a gaskit, injin zai warke, kowa ya watse da murna, alhali babban ciwon yana nan yana girma ba mai nuna shi.

Hayaƙin irin wannan inji ta cikin ƙafa yake sauka ya fita a ƙarƙashin ruwa, kusa da farfela. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a bayan ƙafar, sama da ruwa, wadda ke rage masa nauyi in tafiya ta yi sanyi. Iya zurfin da ƙafar ta nutse, iya ƙarfin da hayaƙi ke bukata kafin ya ture ruwa ya fita, kuma in ya sami wata ɓaraka a sama, can zai bi. Baba ya sa aka loda jirgin a bakin kwata, ya shiga ruwa har ƙugu ya tsaya a bayansa. 'Yar ƙofar nan tana shan ruwa, igiyar ruwa kaɗan ke rufe ta. Ya ja da baya ya kalli gangunan. Ta hagu ta fi ta dama nutsewa da kusan faɗin tafin hannu. Aka sauke kaya duka. Har yanzu ta hagun ta fi zama, kaɗan dai, yadda ba mai lura sai wanda ya zo nema.

Aka jawo jirgin tudu a kan gungume. Baba ya ɗauki sifana ya fara ƙwanƙwasa gangar hagu tun daga hanci. Tana amsawa da ƙara mai zaƙi, ƙwal, ƙwal, har ya wuce tsakiya. Yana isa kusa da gindi sai ƙarar ta mutu, ta koma dum. Ya dafa da tafin hannu: sama da zafin rana, ƙasa sanyi ƙalau, kuma ana iya bin iyakar da yatsa.

A cikin gangar akwai bango. Masu ƙera ta sun raba ta ɗaki-ɗaki don in wuri ɗaya ya huje kada duka ta cika, kuma ɗakin ƙarshe a rufe yake ruf, ba marfi. Iskar famfon keke ba ta taɓa isa can ba, shi ya sa sabulu bai yi kumfa ba. Aka huda ƙasa da ƙaramin diril, ruwa ya yi ta zuba har ya cika jarka biyar masu lita 25. Kilo 125 ke nan a kusurwa ɗaya, a daidai inda inji da tanki da matuƙi suke. Da aka hura iska ta hujin, kumfa ta tashi a saman gangar, a gindin ƙarfen da ke riƙe da mazaunin inji. Waldar wurin ta yi tsaga siririya, tsawon yatsa, irin wadda girgizar inji ke haifarwa a tsohon alminiyon. In jirgi ba kaya, tsagar na sama da ruwa. In an loda, tana nutsewa ta sha kaɗan. Abin da ta sha yau shi ke ƙara nutsar da ita gobe, goben ta sha fiye da haka. Gindi na ƙara zama, ƙafar inji na ƙara nutsewa, hayaƙi na ƙara komawa cikin hula, injin na ƙara saurin mutuwa. Duk tambayoyin Baba uku amsarsu ɗaya ce.

Alminiyon ba ya karɓar waldar bakin titi, sai mai iskar argon, don haka aka ɗauko mai ita daga gari da injinsa. Ya huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, ya cike, ya ɗora faci a kai, ya kuma sa wa ɗakin baya na kowace ganga marfi mai zare a sama da wani a ƙasa, yadda za a riƙa gwadawa da zubarwa. Gaskit kuwa ba a jira Legas ba. Baba ya sauke kan injin, ya kankare tsohon, ya goge fuskar da samfefa a kan gilashi har ta miƙe. Ya shimfiɗa takardar gaskit mai jure wuta a kan ƙarfen, ya bi gefe-gefe da ƙaramar guduma mai kan ƙwallo yana ɗan bubbugawa, kaifin ƙarfen na yanka takardar daidai da siffarsa, har ramukan noti. Ya ɗaure notin a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku.

Kafin a mayar da jirgin ruwa, Kawu ya sa aka ja jan layi a jikin kowace ganga, daidai rabin tsayinta, ya ce in ruwa ya taɓa layin ba a ƙara ko kaza. Aka matsar da tanki gaba, aka sayo rigunan ruwa aka rataya a shinge. Ranar kasuwa aka loda albasa da babura biyu, aka sa hula aka ɓalle ta, Baba ya zauna a gaba nesa da injin, aka je gungu aka dawo ba tsayawa. Da aka cire filogi, launin ƙasa-ƙasa ne, a bushe. Baba ya ba yaron jirgin sifanar filogin ya ce daga ranar duba su aikinsa ne, duk Juma'a, tare da kwance marfin ƙasa na gangunan a ga ko ɗigo zai fito. Giyar baya tana ɗan tsalle in an matsa mata, an yi odar abin da ke kama ta, kuma kafin ya iso an ce matuƙi ya riƙa shigowa kwata a hankali.